Darbil ɗin Abu Saif da Talotalon Khaibar

"Ni fa jikan maharba ne. Kakana a Chadi, in ya yi gyaran murya a daji, ɓauna ce ke canza hanya. Talotalo kuma me ye? Kaza ce kawai da girman kai ya kumbura."

Mai wannan magana shi ne Musaddiq, wanda ake kira Abu Saif, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Khalidiyya ta Madina. Gajere ne mai tumbi, yana da gashin baki da yake murzawa duk lokacin da zai shara ƙarya, shi ya sa kullum a murɗe yake. Ni dai, aboki, iyakar farautar da na san ya taɓa yi ita ce ta wani ƙadangare da ya maƙale a cikin na'urar wani otal, shi ma ƙadangaren ne ya gaji da surutunsa ya fita da kansa.

A falon surukinsa Baba Audi ya yi wannan cika baki. Tsohon yana da gonar dabino a Khaibar, gwiwoyi kuma sun fara ƙi masa tafiya, yana neman wanda zai damƙa wa mabuɗin gonar. Musaddiq kuwa ya gaji da hawa tsani cikin zafin Madina. Ko a mafarki ganin kansa yake a inuwar dabino, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba da umarni.

Abin da ya hana gonar zaman lafiya wani ƙaton namijin talotalo ne fari fat. Ma'aikata sun laƙaba masa suna Mudir, wato shugaba, domin ba a wucewa ta wajen tankin ruwa sai da izininsa. Ya sari mai ban-ruwa a ƙwauri, ya tsare mai hawan dabino a saman bishiya har la'asar.

"Juma'a ina da baƙi," in ji Baba Audi. "Ina son in ga Mudir a kan shinkafa. Duk wanda ya kwantar min da shi, khalas, shi ke nan, mabuɗin gona nasa ne."

Musaddiq ya murza gashin baki. "Baba, a jiƙa shinkafa."

Tsohon ya sa aka ɗauko masa tsohuwar shozan ɗinsa, bindigar da ke watsa ƙananan harsasai, wadda ya ajiye da takardarta saboda karnukan daji. Musaddiq ya jujjuya ta yana taɓe baki. Ya sha kallon Turawa a waya suna harbin talotalo, kuma kowannensu da madubi ɗaure a bayan bindiga, abin da 'yan Madina ke kira darbil. Shi a ganinsa bindiga ba darbil kamar ango ne ba hula.

Washegari ya faɗa shagon wani mai kayan farauta, Abdulfattah.

"Me za ka harba, ya akhi, ɗan'uwana?"

"Talotalo. Dik rumi. Amma fa ba irin wanda ka sani ba."

Abdulfattah ya fito da wani ɗan mitsitsin madubi mai jan ɗigo a tsakiya. "Wannan ya ishe ka. Talotalo a kusa ake harbinsa."

Musaddiq ya riƙe shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen kyankyaso. "Na ce maka kwalli zan sa? Wancan fa?" Ya nuna wani zungureren darbil a can saman kanta, mai kauri kamar taɓarya.

"Wancan na abin da ke can nesa ne, a bakin dutse. Kuma shozan tana da shuri, in ka sa ido..."

"Ka taɓa harbin ɓauna?"

"La wallah, ban taɓa ba."

"To ni kakana ya taɓa. Naɗe min."

Da ya isa gida ya ɗaure taɓaryar nan a bayan bindiga, ya haye rufin bene inda tattabaru ke sauka, wai zai gwada hannu. Matarsa Zenabu, 'yar Baba Audi, tana shanya a wurin. Ta ajiye kwando ta dube shi.

"Abu Saif, a cikin Haramin Madina za ka harbi tsuntsu? Nan da ko korar su ma ana jin nauyi?"

Musaddiq maƙaryaci ne, amma ba ya wasa da alfarmar garin Manzo. Ya cire harsashi ya mayar aljihu.

"Dama gwada ki nake yi, Ummu Saif. Maharbi na gaske ba ya buƙatar gwaji."

Tunda ba halin harbi, sai ya koma leƙe. Kullum bayan la'asar yana saman bene, ya manna ido a jikin darbil tsam, kamar mai leƙen ramin makulli. Ya ga duwatsun Uhudu kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Ya karanta lambar wata mota a can ƙarshen titi, ya sauko ya faɗa wa Zenabu kamar shi ya ƙera motar. Har Juma'a ta zo, bindigar nan ba ta taɓa tashi a kafaɗarsa ba.

Da hantsi suka isa Khaibar. Baba Audi ya zauna a rumfa da gahawarsa, Zenabu ta shiga wajen girki. Gogan naka ya ɗaura ganyen dabino a ƙugu da kafaɗu, ya soka wasu a rawani, ya koma kamar tsintsiyar da ta yi ƙiba. Ya kwanta rub da ciki a bakin magudanar ruwa, ya kumbura kumatu ya fara kiran talotalo yadda ya ji a waya.

"Gulu-gulu-gulu."

Mudir ya amsa daga bayan dabino, da muryar da ta nuna bai ji daɗin abin da aka ce masa ba. Ya fito ya baje jela, yana jan fukafukai a ƙasa, yana takowa ɗaiɗai kamar mai zuwa karɓar haya.

Musaddiq ya manna ido a darbil. Bai ga talotalo ba. Kore ya gani, sannan ruwan ƙasa, sannan wata tururuwa mai girman akuya tana hawan kututture. Ya ɗaga kai, ga Mudir nan ya matso. Ya mayar da ido, babu Mudir. Ya sake ɗagawa, Mudir ya ƙara matsowa, har ana ganin jan leɓen wuyansa yana rawa. Ya shiga lilo da bakin bindiga dama da hagu, can sai madubin ya cika da fari fat, ba kore ba ƙasa.

"Ga ƙirjinsa," ya raɗa wa kansa. "Bismillah."

Bindiga ta tashi, ta yi shurin da Abdulfattah bai samu ya gama faɗa ba. Bakin darbil ya daki idon Musaddiq, ya ga taurari da rana tsaka. Farin da ya auna kuwa farin tankin ruwan Baba Audi ne, wanda nan take ya koma rariya, ruwa na tsartuwa ta ko'ina.

Mudir ko gezau. Ya dubi tanki, ya dubi tsintsiyar da ke birgima tana riƙe da ido, sai ya yi tsalle ya dira a gadon bayanta. Sara a ƙeya, sara a kunne. Jikan maharba ya zabura da gudu, ganyen dabino na zuba, ya zame ya faɗa magudana, Mudir ya tsaya a kansa yana jiran ya ɗago.

"Ummu Saif! Ummu Saif, ki zo zai kashe ni!"

Zenabu ta fito tana goge hannu. A gonar nan ta tashi. Ta ɗauki wani buhun dabino da ba komai ciki, ta zagayo ta baya, ta kifa wa Mudir, ta sungume shi ta matse a hammata.

Baba Audi ya dogaro sanda ya iso. "Zenabu, dama kin iya wannan?"

"Baba, ai ba wanda ya tambaye ni."

Bayan sallar Juma'a baƙi suka kewaye faranti, Mudir na kwance a kan shinkafa. Musaddiq ya zauna da ido a kumbure, da baƙin zobe kewaye da shi, daidai wa daida kamar an buga masa gindin kofin gahawa. Kai ka ce zai yi shiru. Ina. Ya murza gashin baki.

"Ni na gajiyar da shi, mace ta ƙarasa. Dabara ce ta maharba."

Baba Audi ya laluba aljihu ya fito da mabuɗin gona. "Ungo, Abu Saif."

Musaddiq ya zabura. Ya miƙa hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Miƙa wa Zenabu a cikin gida. In ka dawo ka duba min tankin nan, tunda kai mai gyara ne."

Baƙi suka sunkuyar da kai cikin shinkafa, kafaɗu na rawa. Musaddiq ya miƙe yana gunaguni. "Laifin darbil ne, Baba. Jabu aka sayar min. Gobe zan mayar wa mai shi."

Tsohon ya ɗago ya ƙare wa zoben idon kallo.

"A'a, kar ka mayar, kayan kirki ne. Yau duk cikinku shi kaɗai ya sami abin da ya auna."