Bushin Orijinal, Ɗaurin Jabu

Wahala dai na sha ta a shekarar da soja suka koma bariki, kuma ko na so in manta zuciyata ba za ta bari ba. Shekara goma sha bakwai ina tuƙa Alhaji, tun yana sayar da atamfa har ya ci zaɓen majalisar jiha mutane suka koma ce masa Onarabul. A duk shekarun nan ko katangar lungu ban taɓa gogewa ba. Sai ga wata 'yar roba da ba ta cika tafin hannuna ba ta nemi raba ni da abincina. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma abin haushin, ba ni da wanda zan huce a kansa.

Alhaji yana da wata tsohuwar jif ta shiga daji. Da aka rantsar da su sai ya ce za mu zaga ƙauyuka a yi wa jama'a godiya, ga damina ta sauka. Motar kuwa ta fara ƙara a ƙasa, ƙwas ƙwas, duk ramin da ka taka. Bushin ne ya cinye. (Ga wanda bai sani ba, bushin roba ce da ake sawa a mahaɗar ƙarafan da ke riƙe da ƙafafun mota, don kada ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.) Alhaji ya ce in kai wa Garba bakanikenmu. Na ce to, amma a raina na ce Garba ba zai ga motar nan ba.

Laifin Garba? Babu. Hira kawai na ji a majalisarmu ta Soron Ɗinki, wai bakanikai in ka kai musu orijinal sai su ɓoye su ɗaura maka jabu. Ni kuma makarantata ba ta wuce aji uku ba, amma na ɗauki kaina a matsayin wanda ba a yi wa wayo. Na ce mene ne a ciki? Kwance noti ne da ɗaure noti.

Na tafi Ƙofar Ruwa wajen Malam Sabo mai kayan mota. Ya zube min iri uku a kan teburi. Ya ce ga na kamfani, mai laushi, in an ɗaura shi daidai mai mota har barci zai yi a hanyar gargada. Ga wani ja mai tauri na wani kamfanin daban, yana jure daji amma sai ka ji kowane dutse a ƙugunka. Ga kuma wanda masu yankan roba suke fafewa daga tsohuwar tayar babbar mota.

“Hanyar ƙauye za ku yi,” in ji shi, “ni da za ka ji tawa, na tayar nan ba shi da laifi.”

Na kalle shi sheƙeƙe. “Malam Sabo, motar ɗan majalisa ce fa. Takalmin taya zan saka mata? Ba ni orijinal.”

Ya ba ni a kwalinsa. Har na juya ya ce, “Garba ne zai ɗaura ko?” Na ce eh. Ƙarya ta farko ke nan.

Ranar Lahadi na ɗaga motar a kan jak a ƙofar gidana, ƙafafunta suna reto. Tun hantsi nake ƙarƙashinta har la'asar sakaliya. Na fasa yatsa biyu, na ƙone wa tsohon bushin ɗaya roba kafin ya fita, awakin unguwa suna leƙa ni. Da na zo ɗauri kuwa, sai na zura bututun ƙarfe a sufana na hau kai da ƙafa biyu, na ce yau noti zai san da namiji ya haɗu. Sannan na sauke jak. Mota ta yi shiru kamar sabuwa. Na je majalisarmu ta hira na yi ta cika baki, har ina cewa bakanikai su nemi wata sana'ar.

Sati biyu muna zagaye. A na ukun ƙarar ta dawo, ta ma fi ta da. Na yi kunnen uwar shegu na ƙara murya a rediyo. Ranar da za mu je ƙauyen su mahaifiyar Alhaji, an kwana ana ruwa. Dattawan jam'iyya uku a baya, Alhaji a gaba cikin farar shadda da aka buga tana ɗaukar ido. Sitiyari ya fara min gardama, in ja dama gindin motar ya yi hagu. Muna hango mutanen gari da makaɗa sun fito tarya, na taka wani rami, na ji gaf, mota ta zame ta kwanta da gefe cikin kwatar gona.

Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Amma ƙofar Alhaji ce ta sama, sai da aka jawo shi kamar buhu, ya dire cikin taɓo har gwiwa. A kurar shanu Onarabul ya shiga garin kakanninsa, makaɗa suna biye sun rasa kiɗan da za su yi.

Da muka dawo Kano bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, “Me ya faru da motar?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, jabu aka sayar mana a kwalin orijinal.”

Ya ce, “To. Ka je ka kawo min shaidar haka, ni na san abin da zan yi da mai shagon. In kuma ba haka ba ne, ka kawo min makulli.”

Wallahi a lokacin na yarda da maganata. Na kwance bushin huɗu, duk sun yage, na zuba a leda na nufi Ƙofar Ruwa ana tsakiyar ciniki. Tun daga bakin layi na fara. Na ce ina macucin yake? Na ce soja sun tafi, yanzu mulkin farar hula ne, talaka yana da baki! Na ce sai an rufe shagon nan, maigidana ɗan majalisa ne! (Ni da ko ƙofar majalisar ba a bari na wuce, a mota nake jira.) Na juye ledar a kan teburinsa. Masu shaguna suka fito, masu dako suka ajiye kaya, mai rake ya turo barronsa ya tsaya.

Malam Sabo bai ko tashi daga bencinsa ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki na biyu. Sannan ya ɗaga kai ya kalli bayana ya ce, “Garba, kai ka yi wannan aikin?”

Na waiga. Ashe Garba ya zo sayayya, yana tsaye cikin taron tun farko.

Garba ya ce, “Ni? Rabona da motar nan tun kafin zaɓe. Na zaci ma sun canza gareji.”

Malam Sabo ya ce, “To Malam direba, wa ya ɗaura?”

Na ce ni ne, kuma ɗaurin da na yi ko a kamfani sai haka, har hawa kan sufana na yi.

“Madalla. Da kake ɗaurewar, motar tana ƙasa ko tana kan jak?”

Na ce, “Kai ji wata tambayar banza! A ƙasa ta yaya zan shiga? A kan jak mana!”

Garba ne ya fara, ya dafe kai ya ce innalillahi. Sai layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Wani mai sayar da fitilun mota har da durƙusawa yana riƙe ciki. Ni kaɗai ne ban san abin dariyar ba, ina ta raba ido.

Malam Sabo ya cire ƙyallen da yake goge kaya ya ce in riƙe gefe ɗaya. Ya murɗa shi tamau. Ya ce, “Ka gani? Orijinal robarsa a manne take da ƙarfe. Ka ɗaure shi ƙafa tana reto, da ka sauke jak nauyin mota ya murɗe shi haka, tun ba ta motsa ba. Rami ƙarasawa kawai ya yi. Dubi yagewar, duka huɗun gefe ɗaya suka bi. Sai mota ta zauna a kan ƙafafunta ake ɗaurin ƙarshe.” Ya saki ƙyallen. “Da takalmin tayar nan ka saya, da ya rufa maka asiri, shi juyawa yake a kan ƙarfen. Orijinal kuwa sai wanda ya iya.”

Wani daga baya ya ce, “Onarabul direba, a rufe shagon ko a bari?”

Na tsuguna ina tsince bushin ɗina ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa leda. Ɗaya ya gangara ƙarƙashin teburi, sai da na yi rarrafe. Na ce, “Malam Sabo, ka yi haƙuri,” da wata murya da ko ni ban ji ta sosai ba. Ya ce, “Da ƙarfi ka zo, ka faɗa da ƙarfi.” Na faɗa da ƙarfi.

Abin da na koya? Kaya suna iya zama na gaske, mai ɗaurawar ne jabu. Kuma in za ka je kasuwa neman haƙƙinka, fara tsayawa a gareji ka yi tambaya a hankali, inda mutum ɗaya ne zai yi maka dariya.

Washegari bayan an idar da asuba na ɗauki makulli da sufanar na tafi gidan Alhaji a Dukawuya. Na tarar da shi a zaure yana shan koko. Na durƙusa na ajiye su a gabansa na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi cewa Garba ne zai ɗaura. Da na gama, ya sa yatsa ya turo min makullin, ya ja sufanar ya tura ƙarƙashin tabarmarsa ya zauna a kai.

Na ɗauki makulli na fita na je na jira Garba ya buɗe gareji.