Wandon Roba Mai Ruwan Hoda

"Lafiya lau, tunda ban mutu kin gaje birgina ba," in ji Tok Darus, ko kallon jikarsa bai yi ba. "Ina gajiya? Ko malamin naki ya hana ki gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya, Tok. Hau mu tafi, kafin rana ta ƙarasa busar da ɗan abin da ya rage a jikinka."

Juriah ce a kan babur a ƙofar gida. Tun tana 'yar mitsitsiya take bin kakanta bakin teku idan ruwa ya janye, shi yana wurga birgi, wato komar kamun kifi, ita tana riƙe da kwando. Kwatsam ƙayar sembilang, kifin nan mai dafi, ta soke shi a tafin ƙafa. Ga shi da ciwon suga, da ƙyar aka samu ya warke. Likita ya ce ƙafar nan ta gama shiga laka tsirara. Aka yi aka yi ya sa wandon roba, irin mai haɗe da takalmi da ke kaiwa ƙirji, tsohon ya ce shi ba zai shiga buhu da ransa ba. Sai ya koma zaman baranda, Juriah ta ɗauki birgi. Ana haka Rosli, malamin makarantar da ke neman aurenta, ya fara raka ta yana riƙe mata kwando. Abin nan ya tsaya wa Tok Darus a rai. Kishi yake yi sosai, amma ko za a yanka shi ba zai amsa ba.

"Ina za mu?"

"Shagon Ah Peng. Wandon roba zan saya wa Rosli. Ƙafarku ɗaya, kai za ka gwada masa."

"Ni? Ni zan zama magwajin mutumin da ya ga ƙaguwa ya yi mata sallama?"

"Gara shi, ya yi sallama. Kai da ka taka sembilang ko gafara ba ka ce ba."

"Ungo naki! Kifin nan tun kafin a haifi uwarki yake fakona. Sai da ya tsufa ya haifi jikoki sannan ya same ni."

"To ai ya same ka. Za ka hau, ko in ɗauke ka in sa a kwando?"

Ya hau yana ƙunƙuni. Gara dai ya gani da idonsa.

A shagon Ah Peng ba a sayen wando sai an shiga bahon ruwan da ke bakin ƙofa an tsuguna. Mai shagon ya sauko da wani baƙi mai kauri. Tok Darus ya zura, ya shiga baho, ya tsuguna, ya miƙe. Ko ɗigo bai shiga ba, ga ɗamara mai ƙarfi a ƙugu, ga gindin takalmin da tsaga-tsaga yadda ba zai yi santsi ba. Ransa ya ɓaci. Wai wannan ne zai tsaya kusa da Juriah, da wani a ciki.

"Bai yi ba."

"Me ya same shi?"

"Baƙi ne, yana jan zafi. Malamin naki zai dahu a ciki kamar ƙwai."

"Yaushe ka fara tausayinsa?"

"Ɗaliban nake tausayi. Wa zai koya musu tsoron ƙaguwa?"

Aka kawo wani kore mara nauyi. Yana tsugunawa ya ji wani siririn sanyi yana bin gwiwarsa daga wajen ɗinki. Yoyo! Ya yi ɗan murmushi, har ya so ya bar wa Rosli shi a haka. Amma ya san yadda abin yake: wando ya sha ruwa ya yi nauyi, laka ta riƙe ƙafa, ga teku tana dawowa. Kuma ya san wadda za ta koma ciki ta jawo sakaran. Ya yi tsaki.

"Ah Peng, wannan rariya ce ka yi wa ƙafafu. Kai shi kicin."

"Ashe kana son Rosli da rai," in ji Juriah.

"Ina son ya mutu a tudu, inda ya saba. Teku ba juji ba ce."

"Kishi zai kashe tsohon nan."

"Kishi? Da wa? Ni da na taɓa wurga birgi sau ɗaya gari ya ci kifi har aka gaji aka koma cin ganye?"

"Wancan makon ka ce rabin gari."

"Sauran rabin sun tuna daga baya."

Can sama, kusa da rufi, idonsa ya faɗa kan wani wando da ƙura ta lulluɓe. Ruwan hoda ne shar, har da ɗigo-ɗigon furanni a ƙirji. Ah Peng ya ce na matan gonar jatan lande ne, wannan ya yi musu girma, shi ya sa ya kwana biyu a rataye.

"Sauko da shi!"

Ya shiga baho da shi. Ya tsuguna, ya yi tsalle, ya juya, ya matse ɗinkin da hannu. Bai yi yoyo ba, ɗamarar ma ta fi ta baƙin kamawa. Daɗi ya kama Tok Darus. Har ya hango Rosli a tsakiyar laka kamar alewar yara, masunta suna riƙe da ciki.

"Wannan shi ne wando!"

"Haba Tok! Ai garin nan kaf sai sun yi dariya."

"Jahilci ne ke damunki. Kifi ba ya ganin wannan kala. Zai zo har gabansa yana tambayar hanya."

"Ka tabbata?"

"Ah Peng, ka shaida. Duk masuncin da ya san kansa, wannan zai sa. Ni da ina sa roba, da ban bar masa ba."

"Na shaida," in ji Ah Peng, ya kawar da kai yana tari.

Juriah ta biya. Tsohon ya kama igiyar kafaɗa zai tuɓe, sai ta riƙe hannunsa.

"Bar shi a jikinka, Tok. Ƙafar Rosli ba ta kai rabin wannan farantin ƙafar taka ba, kuma ko da ƙarfe aka lulluɓe shi ba zai shiga laka ba. Ruwa zai janye bayan la'asar. Ni kafaɗata ta gaji da birgin nan, kifin ma ya raina ni. Kuma ba daɗi, babu mai zagina."

Tok Darus ya tsaya a cikin baho. Ya dubi furannin da ke ƙirjinsa, ya dubi baƙin wandon da aka shanya a ƙofa. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce ƙaurin roba ne.

"Ah Peng, miƙo baƙin nan in sake dubawa."

"Yana jan zafi," in ji Ah Peng. "Kai ka faɗa."

Juriah ta durƙushe tana dariya. Tsohon ya yi ta maza, ya yi ta maza, can shi ma ta kuɓuce masa, har ruwan bahon yana fallatsa.

"Ja'ira! Kin ci wannan. Halin uwar ubanki kika ɗauko, ba nawa ba." Ya fito yana ɗiga, ya nufi babur. Sai ya tsaya. "Shi malamin fa?"

"Zai zauna a tudu ya tsare mana takalma."

"To ya tsare da kyau. Amma kwandon, ke za ki riƙe."

"Ni zan riƙe, Tok."

Ya haye bayan babur da wandonsa, ya gyara zama.

"Bi ta tsakiyar kasuwa," in ji shi. "Su yi dariyar yanzu su gama, kada su kore min kifi anjima."