Rautar da na adana a duron wake

Da ƙungiyar manomanmu ta Ƙarfi ta sayo rauta, na'urar raba sabis ɗin intanet, don mu yi rajistar takin zamani ta intanet, ba a gama tambayar wa zai haɗa ba na ɗaga hannu. Ai na taɓa zama a shagon kwamfuta a Funtuwa.

Na jona wayoyi, fitilu suka kama ƙyaftawa, kowa ya samu sabis. Shugabanmu, Alhaji Sule, ya ce, "Malam, ofishin nan fa na ɓeraye ne."

Na ce, "Alhaji, bar min."

A garinmu, duk abin da kake so ya tsira, duron ƙarfe kake sa shi ka rufe ruf, kamar wake. Haka na yi wa rauta. Na huda wa waya hanya, na danna murfi, har da ɗora dutse.

Sabis ya ɗauke. Na canza waya, na hau rufi, na yi wa kamfanin sabis ɗin masifa har muryata ta dishe. Ko a mafarki ban zargi duron ba, ban san ƙarfe na tare sabis ba. Muna wannan fama aka rufe rajista.

Ranar da Alhaji ya zo aron duro, yana ɗaga murfi wayoyin kowa suka hau ƙara. Babu wanda ya yi dariya. Daminar nan masararmu rawaya ta yi, saboda rashin taki.

Har yau in na ratsa majalisa sai an ce, "Malam, ya intanet? Ƙwari dai ba su shiga ba ko?"