Azumin da Ƙayar Kifi Ta Tona

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, zamanin Turawa, ina malamin asibiti a wani ɗakin magani na mishan a bakin fadama, can hanyar Guri. Mu Kiristocin wurin tabarma biyu ta ishe mu zama, kuma rabinmu waɗanda suka warke daga kuturta ne. Da yake ni kaɗai na yi boko, ni ne mai wa'azi.

Ranar na yi magana a kan yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Kai, na zuba! Har da buga tebur. Na ce duk Kiristan da ke ƙyamar ɗan'uwansa, suna kawai ya ara. (Ni kaina sai da muryata ta burge ni.)

Ana tashi sai ga Baba Yohanna ya biyo ni rumfar ɗakin magani, rungume da akushi. Baba masunci ne. Ciwon ya cinye masa yatsu kafin ya warke, kuma ni da hannuna na rubuta masa takardar sallama, don haka na fi kowa sanin ba abin da zai shafa wa mutum. Amma ko a gidansu kwanonsa daban ake ware masa.

Ya buɗe akushin: tuwon dawa da miyar tarwaɗa, sai tururi yake.

"Malam, wa'azinka ya shige ni," in ji shi. "Shekara bakwai ni kaɗai nake sa hannu a kwano. Yau kam sai mu ci tare."

Na dubi miyar, na dubi dungulmin hannunsa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ayya Baba, ai yau azumi nake." (Ni da na karya da koko da ƙosai har na yi gyatsa.)

Na zaci zai tafi. Ina! Sai ya rufe akushinsa ya ce, "Madalla. To, na taya ka. In rana ta faɗi mu sha ruwa tare." Ya jawo tabarma ya zauna.

Can sai Habu mai fito ya ɗaure kwalekwalensa ya zo hira. Musulmi ne, abokina, ba ya raga mini. Da Baba ya ba shi labari, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam da azumi? To ni ma na zauna, in ga ƙarshen abin."

Azahar ta wuce, cikina ya fara kiran ciroma. Na miƙe da fuskar salihai na ce zan shiga ciki in yi addu'a. (Allah Ya yafe mini.) A bayan kwalaben magani ina da bandar karfasa da na ɓoye. Na durƙusa ina tura ta hannu baka hannu ƙwarya, kunnena na bakin ƙofa. Ban ankara ba ƙaya ta gitta mini a maƙogwaro.

Na yi kakari, na yi tari, hawaye shaɓe-shaɓe. Suka shigo a guje. Ga mai wa'azi a durƙushe, kan kifi a hannu, maiƙo har haɓa.

"Malam," in ji Habu, yana dafe ciki don dariya, "ashe addu'ar taku da ƙaya take?"

Baba bai yi dariya ba. Masunci ya san maganin ƙaya. Ya ɗauko akushinsa, ya murza loma tsakanin tafukan hannunsa ya ce, "Buɗe baki. Kada ka tauna, haɗiye." Na buɗe kamar ɗan tsuntsu, shi da hannunsa ya sa mini. Loma ta uku ta wuce da ƙayar.

Da numfashi ya dawo, kunya ta rufe ni, na ce, "Baba, ƙarya na yi maka."

"Na sani, Malam. Da safe na ga mai koko ta fito daga gidanka."

"To me ya zaunar da kai da yunwa?"

"Na ce ko kafin rana ta faɗi wa'azin zai iso wurin mai shi."

Wannan ta fi ƙayar zafi. Muka koma rumfa muka zauna wa akushin. Habu, da bai taɓa jin wa'azina ba, shi ya riga ni wanke hannu. Baba yana ci yana share ido da gefen riga, yana cewa yaji ne.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun daga ranar, in zan buga tebur in tambayi jama'a ko suna bin abin da suka ce sun gaskata, sai na fara shafa maƙogwarona. Na yi wa'azin taɓa kuturu tun ƙarfina, amma a ranar, kuturun ne ya taɓa ni na warke.