Jan Goro a Cikin Hula

Ko zan manta da komai na duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kira mini motar asibiti a ƙasar Tailan ba, alhali ko ciwon kai ba na yi. Ina zaune lafiyata ƙalau, cikin babbar riga sabuwa fil, ina kallon ɗana yana kuka a kaina. Kalma ɗaya ta isa ta kashe maganar, amma na kasa furta ta, domin bakina a cike yake.

Ni ɗan zangon Kumasi ne, amma na tsufa a Bronx, unguwar Highbridge, inda na ja tasi har bayana ya ce ya gaji. Babban ɗana Habibu ƙwallo ce ta kai shi Tailan. Gwiwarsa ta lalace, ƙwallo ta ƙare, shi kuma ya ƙi dawowa. Ya auri wata Musulmar ƙasar mai suna Amina, suka buɗe ɗan gidan abinci a Pataya, wani gari na bakin teku da baƙi ke zuwa hutawa. Shi yana dafa jalof da shinkafa da wake irin ta gida, ita tana dafa nasu, kuma abin ya karɓe su.

Sai ga shekarar Ebola. Mu ma a Bronx mun ɗanɗana, don idan ka yi atishawa a jirgin ƙasa da hula a kanka, nan da nan za ka samu wurin zama har da na miƙe ƙafa. Amma na Habibu ya fi namu. Mutane su zo ƙofar shagonsa, su leƙa, su ga baƙin mutum riƙe da ludayi, su wuce. Ginin kuma na surukinsa ne, Haji Yusuf, wanda ya fara cewa ko gara a ba wani hayar wurin, Habibu ya nemi wata sana'a.

A cikin wannan hali Amina ta haifi namiji, aka sa masa sunana. An yanka rago ranar bakwai, amma Habibu ya ajiye walimar har sai na zo. Ya gayyaci surukai da maƙwabta da tsofaffin masu cin abincinsa, don kowa ya zo ya ci ya koma gida lafiya, unguwa ta gani da idonta.

"Baba," ya ce mini a waya, "wannan walimar ita ce dama ta ƙarshe da ta rage mini. Idan an tambaye ka daga ina, ka ce New York. Ba ƙarya ba ce, rabonka da Afirka ya yi shekaru."

Na ce na ji.

"Kuma don Allah, Baba, ban da goro. Mutanen nan a tsorace suke da duk abin da ya fito daga bakin mutum."

"Kai, yaro! Ni za ka koya wa shiga mutane? Wallahi ko ɓari ɗaya ba zan taho da shi ba."

(Ku riƙe wannan wallahin, za mu dawo kansa.)

Murna kuwa ba a magana. Babu wanda ban gaya wa ba a masallacinmu cewa za ni Tailan ganin takwarana. Ana gobe zan tashi na biya shagon Malam Idi, mutumin Maraɗi da nake sayen goro a wurinsa, don in yi masa sallama kawai. Sai ya buɗe wani ganye, ga jajayen goro manya-manya, sabon zuwa, suna sheƙi.

"Alhaji, tafiyar kwana da wuni a sama, ba goro? Sai dai a sauko da kai a kwance."

Na ce na yi alkawari. Ya ce ai alkawarin na ci ne, ba na riƙewa ba. Na san ba haka na faɗa ba, amma fatawar ta yi mini daɗi. Na saya, na naɗe su a ɗan ƙyalle mai laima, na tura cikin hulata, na kifa a ka. Uwargidana Hajiya Rabi, wadda ciwon ƙafa ya hana ta tafiyar, ta dube ni a bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, yau kanka ya ƙara tsawo." Na ce farin ciki ne.

Pataya gari ne da ban taɓa ganin irinsa ba. Zafi kamar an rufe ka a tukunya, teku shuɗi, babura kamar ƙudaje. Tsofaffin Turawa da suka bar ƙasashensu suka tare a can suna yawo da gajeren wando, cikinsu ja kamar an gasa. Ga Larabawa da layinsu, ga Indiyawa masu ɗinki suna jan hannunka, ga 'yan samarinmu na Afirka da ke jiran wata ƙungiya ta ɗauke su ƙwallo, waɗanda a lokacin ko wurin aski ba a son karɓarsu. Na rungumi jikana, na yi masa addu'a, na ji duniya ta yi mini daidai. Goro kuwa na daure ban taɓa ba, sai dai in shiga banɗaki in buɗe hula in duba lafiyarsa.

Ranar walima, bayan azahar, Habibu ya ba ni wata riga marar nauyi. Na ƙi. Na ce surukai za su ga uban Habibu yadda uban Habibu yake. Na zuba babbar riga fara mai aiki har ciki, na kafa hula. Kafin baƙi su gama zama na jiƙe sharkaf, gumi yana bin gemuna, idanuna kuma ga su jajaye saboda barcina bai daidaita ba tun da na sauka.

Amma wuri ya cika, abin sha'awa! Teburori da fararen ƙyallaye, yara suna guje-guje, Haji Yusuf a gefena yana ta murmushi. Can kusurwa an zaunar da kakar Amina, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da ɗan kwandonta a cinya. Habibu yana ta kai da kawo da faranti, na ga haƙoransa a waje, abin da Amina ta ce ta daɗe ba ta gani ba.

A teburinmu akwai wata Baturiya, dattijuwa, wadda ta daɗe a garin kuma tana cikin masu cin jalof ɗin Habibu. Ta yaba rigata, ta tambaye ni daga ina. Nan fa girman kai ya taso mini. Wai ni, da wannan riga, in ce New York? Na daki ƙirji na ce, "Afirka ta Yamma!" da ƙarfi, har teburin baya suka juyo. Na ga ta ɗan ja kujerarta, amma ban kula ba.

Sai aka kawo wata miyar jatan lande, ruwa-ruwa, mai ƙamshin lemun tsami. Amina ta ce, "Baba, wannan da yaji, bari in kawo maka wata." Na yi dariya. Na ce a gaya wa Haji Yusuf mu mutanen Kumasi da barkono aka yaye mu. Na cika cokali, har da wasu 'yan ƙananan barkono kore da ke yawo a sama, na kai baki.

Jama'a, na ci yaji a rayuwata, amma wannan ba yaji ba ne, hukunci ne. Kunnuwana suka toshe, hawaye suka zubo, hanci ya kama zuba. Na sha ruwa, abin ya ƙaru. Ga Haji Yusuf yana kallona yana jiran in yaba. Sai wata dabara ta zo mini: ɗacin goro zai kashe wannan wuta. Na sunkuya kamar ina gyara takalmi, na zaro ɗaya daga hula, na ɓantari rabi, na mayar da sauran, na ɗago ina tauna a hankali kamar mai tasbihi.

Ya ɗan yi aiki kuwa. Har na fara jin daɗi, bakina ya cika da miyau, sai wani ɗan guntu ya bi ta hanyar da ba tasa ba. Tari ya turnuƙe ni. Na yi ƙoƙarin danne shi, ya ƙi. Na kai hannun riga baki, amma kafin ya isa, abin ya fito: feshi ja a kan farin ƙyallen tebur, ja a gaban farar rigata, ja yana bin gemuna.

Baturiyar nan ta miƙe ta ƙwala ihu, ta kira sunan cutar.

Ban taɓa ganin wuri ya watse da sauri haka ba. Kujeru suka kife, faranti suka tarwatse, uwaye suka suri 'ya'yansu. Wani mai ƙiba ya fita ta taga. Haji Yusuf ya tsaya a bakin ƙofa ya rufe hanci da hularsa yana magana a waya da sauri. Amina ta rungume jariri tana salati. Kowa ya koma titi, suka yi cincirindo suna leƙe, wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Kaka ce kaɗai ba ta motsa ba.

Habibu kuwa, maimakon ya gudu, sai ya zo ya durƙusa a gabana ya riƙe hannuwana biyu.

"Baba! Baba, me ke damunka? Tun yaushe? Ka haɗu da wani a jirgi ne? Yi magana mana, Baba!"

To ga inda na yi abin kunyar na gaske. Tari ya lafa, lafiyata ƙalau, abin da ya rage kawai in ce "goro ne." Amma sauran goron yana kuncina, wallahin da na yi yana kunnena, ga surukai a ƙofa. Sai na ga kamar gara a ɗauke ni marar lafiya da a kama ni maƙaryaci. Na rufe baki gam, na lumshe ido, har da ɗan nishi. (Allah Ya yafe mini, nishin nan ba wanda ya sa ni.) Tunanina wai idan an kai ni asibiti zan haɗiye a hanya, likita ya ce bai ga komai ba, kowa ya huta.

Sai ga jiniya. Mutum biyu suka shigo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, fuska a bayan gilashi, kamar masu zuwa duniyar wata. Suka janye Habibu, suka fara zagaye ƙofar shagon da wata igiya mai launi. Na ji Habibu yana roƙonsu, na gane rufe wurin za a yi. Duk da haka ban buɗe baki ba.

Ɗayansu ya matso zai auna zafin goshina. Hula ta tare shi, sai ya sa hannu ya ɗage ta.

Goro suka zubo. Suka bi kafaɗata, suka faɗi ƙasa, suka gangara ƙwal-ƙwal-ƙwal a kan siminti, kowanne ya kama hanyarsa. Rabin nan da na ɓantara, da shaidar haƙorana a jikinsa, ya je ya tsaya daidai ƙafar Kaka.

Tsohuwar ta sunkuya ta ɗauka. Ta shinshina, ta dube ni, ta gatsa. Ana ta yi mata ihu daga waje, ko a jikinta. Ta tauna, ta yamutsa fuska saboda ɗaci, sannan ta buɗe kwandonta ta nuna wa mutanen asibiti: ganye ne da wani ɗan ƙwallo da tsofaffinsu ke taunawa. Ta jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin kujerarta ta tofa nata, ja wur, ya fi nawa ja nesa ba kusa ba. Sai ta wangale baki tana dariya, tana nuna ni, tana faɗin wata magana.

Amina ta fassara, tana dariya tana share hawaye: "Wai ta ce naka ba shi da kyau, ko launin kirki ba ya bayarwa."

Dariya ta tashi daga ƙofa ta bi titi. Na'ura ta nuna ba ni da zazzaɓi, fasfo ya nuna daga inda na fito, aka yi mini tambayoyi, aka kwance igiya. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Habibu ya tsuguna yana tsince fasassun faranti, bai ɗago ba ya ce, "Baba, goron ba komai. Amma ina riƙe da hannunka ina tsammanin mutuwa za ka yi, kana jina, ka yi shiru."

Na fi son a ce motar nan ta tafi da ni da jin wannan magana. Na tofar da abin da ya rage a bakina, na ce, "Na yi ƙarya, kuma na ji tsoron kunya fiye da yadda na ji tausayinka. Ka yafe mini." Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa haka ba. Ya ce ya yafe, amma ya miƙo mini tsintsiya. Na share shagon nan tas, cikin babbar riga.

Washegari ba wanda ya shigo cin abinci, ranar da ta biyo baya ma haka. Ina zaune a ƙofa kamar wanda aka yi wa mutuwa, sai ga Kaka an kawo ta a bayan babur. Ta sa aka ajiye mata kujera kusa da tawa, ta miƙo mini ganyenta, ta buɗe hannu tana jiran goro. Muka zauna muna tauna, ba mai jin yaren wani, gwangwani ɗaya a tsakaninmu. Masu wucewa suka fara tsayawa, don duk garin an ga bidiyon. Wanda ya tsaya kallo sai ƙamshin jalof ya ja shi ciki. Baturiyar ma ta dawo, ta ba ni haƙuri, na ba ta haƙuri, ta ci faranti biyu. Kafin in bar garin, Haji Yusuf da kansa ya sa aka ƙaro teburori a waje, maganar ba wani haya kuma ba a sake tayar da ita ba.

Na dawo Bronx ina tunanin asirina ya tsaya a bayan teku. Ina shiga masallaci, Malam Idi ya taso da waya a hannu: "Alhaji Jiniya! Sannu da arziki! Ashe har da nishi?" Sunan ya bi ni har yau. Hajiya kuwa, duk ranar da zan fita, sai ta ce in ɗaga hula ta gani.

Abin da na koya shi ne, kunyar da ka ƙi haɗiyewa tana ƙarama, da jiniya take dawowa, kuma ba kai kaɗai take ɗauka ba. Rantsuwa na rage ta sosai. Goro dai ban daina ba, kada in sake yi muku ƙarya. Fari nake saya yanzu, kuma a aljihu nake sa shi.