Rasuwar Katin Zinare na Malam Mailafiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da takaici, Malam Mailafiya na unguwar Zahir a Makka, mai kula da motocin alhazai a tashar Kudai, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar katinsa na banki mai launin zinare. Marigayin ya cika ranar Talatar da ta wuce bayan La'asar, a wani shagon abaya da ke Aziziyya, a bainar jama'a. Allah ne Ya bayar, banki ya karɓe.

Marigayin ya shigo gidan bayan bincike irin wanda ko a neman aure ba a cika yi ba. Kati biyu banki ya ajiye wa Malam ya zaɓa. Ɗaya yana maido wa mutum ɗan kaso daga duk abin da ya kashe, shi ne yaran Makka ke kira kashbak. Ɗayan kuwa mil yake tarawa, wato makin tafiya, idan sun taru a ba ka tikitin jirgi. Uwargida Jawahir ta ce a ɗauki na farko, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Malam ya yi murmushin masana, ya ce mata ba ta san harkar zamani ba.

A yi masa adalci, ba don yawon duniya ya zaɓa ba. Mahaifiyarsa Hajiya Baraka ta zo Makka tana amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta duka, ba ta ƙara taka garinsu Wurno ba. A can ta baro ƙanwarta Zali, wadda yanzu tsufa ya kama, ido ya fara dusashewa. Tikitin mutum biyu ya fi ƙarfin albashin Malam. Ranar da katin ya iso ya durƙusa gaban tsohuwa ya ɗora shi a tafin hannunta, ya ce, "Inna, wannan ne zai kai ki gida." Ta juya shi gaba da baya, ta sa masa albarka. Alkawari kaya ne, kuma tun ranar Malam yake ɗauke da nasa.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai yi masa kyakkyawar shaida. Bai taɓa cin kuɗin ruwa ba, don sai da Malam Abdulquddus, ɗalibin ilmin da ke haya a maƙwabta, ya duba takardunsa ya ce babu laifi. Ba shi da surutu. Maganarsa ɗaya ce, idan aka kara shi a jikin shabaka, wato na'urar biyan kuɗi ta shago, sai ya ce "tit", a taƙaice, cikin ladabi. Jim kaɗan waya ta ce "ƙirrr", mil sun ƙaru. Malam ya sha faɗa cewa bayan kiran salla babu sautin da ya fi wannan daɗi a kunnensa.

Aibinsa ɗaya, idan mamaci na da aibi, shi ne tafiyar hawainiya. Cefanen gida da man mota ba sa tara mil sai kamar ɗigon famfo. Nan Malam ya gano wata dabara da ya ɗauka baiwa ce. Alhazan gida ba sa barin Makka sai da tsaraba, kuma da tsabar kuɗi suke yawo. To, me zai hana su damƙa masa kuɗin, shi ya biya da kati? Alhaji ya samu mai yi masa ciniki da Larabci, kati ya samu mil, kowa ya ci riba ta halal. Kafin a ce kwabo labari ya zagaye masaukan Aziziyya. Dabino, turare, sallaya, agogon bango, butar shayi, duk wanda zai saya sai ka ji ana cewa a kira Mai Kati. Marigayin bai taɓa cewa ya gaji ba.

Sai dai ga inda takaicin yake, kuma wanda ya tsara wannan lamari Allah Ya isa tsakaninsa da Malam. Lokacin da jirage ke sauke alhazai a Jidda suna komawa wayam, kujerun mil na nan birjik, amma a lokacin Malam ko sosa kai ba ya samu a Kudai. Ya taɓa neman hutu, shugabansa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ijaza a mausim? Ma fi, ya Mailafiya." Wato hutu a lokacin aikin Hajji, babu shi. Idan kuma an gama aikin Hajji ya samu sarari, jirage sun cika maƙil, mai mil sai ya jira. Shekara ta bi shekara ana cewa baɗi. Bana dai Allah Ya taimaka aka ba shi hutu a watan Safar, aka kuma ga kujeru. Tikitin Hajiya ya cika, nasa saura ƙiris, ita kuwa ba za ta iya tafiyar ita kaɗai ba.

Wannan ƙiris ɗin shi ne ajali. Malam ya tare ayarin hajiyoyi na ƙarshe da suka rage a gari, ya bi su shago-shago tun hantsi, har da na zinare. A shagon abaya aka kara marigayin, sai ya ja wani dogon numfashi da ba a san shi da shi ba: "tiiit, tiiit". Fuskar shabaka ta rubuta marfuda, wato an ƙi. Mai shago ya goge shi a jikin rigarsa ya sake karawa. Malam ya karɓa ya hura masa iska, ya yi masa tofi. Hajiyoyi na tsaye da ledoji suna kallo, ɗaya har tana tambaya ko caji ne ya ƙare.

Washegari aka garzaya da shi banki. Wani matashin ma'aikaci ya duba kwamfuta ya girgiza kai. Ya ce katin na hidimar gida ne, ba na kasuwanci ba, kuma banki bai gane yadda mai kula da motoci ke sayen abayar da za ta ishi matan unguwa guda a yini ɗaya ba. An rufe shi, mil ɗin kuma sun bi shi, haka yake a ƙananan rubutun da Malam ya sa wa hannu bai karanta ba. Malam ya rantse ba kasuwanci yake ba, baƙin Allah yake taimako. Yaron ya ce, "Tayyib, ya ammi, ladanka na wurin Allah. Mil kam khalas, sun tafi." Malam ya fito titi ya tsaya cikin rana, ya rasa wanda zai zaga, don hannun da ya sa a takardar nasa ne.

Marigayin ya rasu ya bar walat mai gurbi a tsakiya, da lambar sirri da yatsan Malam ke dannawa shi kaɗai a kan gwiwa. Ya bar ɗan uwansa, katin kashbak da Jawahir ta buɗe da kanta, wanda ke nan da ƙoshin lafiya, har ya saya wa gidan tukunyar dafa shinkafa. Tun da abin ya faru, kullum shinkafa Jawahir take dafawa. Ya kuma bar wani babban akwati mai ruwan ƙasa a bakin ƙofar ɗakin Hajiya.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan La'asar a bayan ofishin motoci da ke Kudai. Malam Abdulquddus ne zai riƙe almakashi, don hannun Malam ba zai iya ba. Za a yanka marigayin gida huɗu a watsa a kwandunan shara daban-daban, kamar yadda banki ya yi wasiyya. Ba a buƙatar shawara kan katin da ya fi, an gode, an ji.

A tashar za a karɓi gaisuwa. Don girman Allah kada kowa ya kai ta gida, kuma wanda ya biya ta Zahir ya kama bakinsa, domin har yanzu ba a faɗa wa Hajiya ba. Ta riga ta yi wa Zali waya ta ce mata ta share ɗaki. Kowace safiya sai ta sa an ɗora akwatin a ma'auni, sannan ta ce, "Mailahiya, yaushe za mu tahi?" Shi kuma ya ce, "An kusa, Inna," ya sa takalmi ya fice ko shayi bai sha ba. Idan akwai dattijon da yake jin zai iya wannan magana, Malam na roƙonsa ya tsaya bayan jana'iza su tafi tare. A hanzarta, don jiya ta cire zanenta guda daga akwatin domin dabinon Zali ya samu wuri.