Yadda Za Ka Koyi Manhajar Ajiya da Hotunan Auren Yayarka

Kana son gane cikin manhajar nan ta kyauta, mai rarraba fayil a saba da yawa, wato kwamfutocin ajiya, don kada ya ɓata? Bi matakan nan. Fuseini na unguwar Maamobi ya bi, ya gane. Kai ma dole ka gane.

1. Sauke kod ɗin

Shi ne rubutun da aka gina manhajar da shi. A buɗe yake, kowa na iya karantawa. Ba za ka fahimta ba. Haɗe rai, ka zura wa allo ido.

2. Tayar da saba uku

Manya suna raba su gari-gari. Kai laftof ɗaya gare ka, fankarsa na gurnani kamar toro-toro, motar haya, a cunkoson unguwar Nima. Cusa ukun ciki.

3. Nemi kaya mai daraja

Fayil ɗin banza ba ya koyar da komai. Fuseini hotunan auren yayarsa Sanatu ya karɓa.

"Yaya, kawo. Kwafi uku nake ajiyewa."

"In goge na wayata? Ta cika."

"Goge."

Mai hoto ma ya riga ya share katin kyamararsa. Madalla.

4. Tsayar da saba ɗaya

Sa mata alamar tsayawa, ka bi kod ɗin layi-layi. Ka sani, saba in ta yi shiru, 'yan'uwanta sai su ce ta rasu, su hau rabon gado. Daidai nan Mma, mahaifiyarka, za ta aike ka sayen koko. Je ka. Fuseini ya dawo ya tarar da magadan suna faɗan shugabanci, ba mai amsa kira.

5. Yi sulhu

Wani a intanet zai ce ka share foldar ajiyar ka fara sabo. Share. Sai ka tuna folda ɗaya ce ke riƙe da ukun. A nan ilimi ke saukowa. Fuseini har layin da ya yi aikin ya gano. Kod mai tsafta.

6. Amsa tambaya a taƙaice

Sanatu ta tare Fuseini: "Surukata na can Tamale tana jiran hotuna. Ina kwafi ukun?"

"Suna tare."

"A ina?"

"Tare suka tafi."

Tsaya kusa da ƙofa.

7. Bi gida-gida

Duk matar da ta je bikin tana da hotuna a waya, amma waɗanda ta fito ciki kawai.

"Anti Zelia, ba na amarya?"

"Kai, makaho ne? Ga hannunta nan a kafaɗata. Dubi lallen!"

Haka aka haɗa wa Tamale: Anti Zelia ta gaba, Anti Zelia ta gefe, kunnen amarya, takalmin ango. Surukar ta bugo waya tana yaba amarya, wai ba ta san Sanatu ta yi ƙiba haka ba.

Gargaɗi: mai rubutun nan bai san ka ba, bai san yayarka ba. Duk abin da ta jefe ka da shi, naka ne.